Shafi Goma Na Malam

Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Mahaifiyata takan ce ko a goye ban taɓa yarda na kwantar da kai ba. To sai ga shi abincina ya faɗo a aikin fassara, aikin da ake yi a zaune. Shekara goma sha ɗaya na yi ina yin sa a unguwar Treichville ta birnin Abidjan, a wani ofis da ke saman shagon kayan injin jirgin ruwa, tafiyar minti biyar zuwa ƙofar tashar jiragen ruwa. 'Yan kasuwarmu masu shigo da kaya daga Legas da Dubai sukan zo da takardu cikin Turanci ko Larabci, su kuwa 'yan duwan, wato jami'an kwastan, Faransanci kaɗai suke son gani. Takarda ta kwana a hannunmu, kwantena ta ƙara kwana a tasha kenan, mai kaya kuma yana tsaye a matattakala yana huci.

Mu shida ne, kuma ba albashi muke ci ba, abin da hannunka ya fassara shi ne naka. Ofis ɗin na wata mata ce 'yar ƙasa, Madam muke ce mata, amma mai rabon aiki wani dattijo ne mutumin Katsina da kowa ke kira Malam. A bayan kasuwar Adjamé yake zaune, layi biyu tsakaninsa da gidan da aka haife ni. Shi ya koya mini aikin. An tura ni Kano na yi sakandare a hannun kawuna, na dawo da Turanci da girman kai, Malam ya sauke mini girman kan da jan alƙalami. Kada wani ya ɗauka mutum ne mai daɗin baki. Ina! Ya taɓa yaga mini shafi huɗu a gaban mai kaya saboda na rubuta nauyin buhu a inda ake son nauyin kaya gaba ɗaya, ya miƙo mini gutsattsarin ya ce in kai wa mai ƙosai.

Kowace safiya zai zauna bayan tebur da tarin takardu a gabansa, goro a kunci, ya dinga miƙawa. Ba ya bayani. Ni na fi kowa sauri, wannan ba alfahari ba ne, kowa ya sani, amma sai ya ɗauki fayil mai kauri ya ba wani abokin aikinmu mutumin Maradi, mai 'ya'ya bakwai da rubutu a hankali kamar yana jin tausayin takarda. Ni kuwa a ba ni shafi shida. In na yi magana ya ce, "Gama wannan tukuna." Kafin azahar na gama, in fita in zagaya layin masu walda, in dawo, in sake fita. Wallahi akwai ranar da na taka har bakin tafki na dawo sau uku don haushi.

Lokacin da salula ta fara shiga aljihun kowa, wani babban kamfanin jiragen ruwa ya ba Madam kwangila, da sharaɗin kada rabon aiki ya zauna a hannun mutum ɗaya. Ta kawo wani injiniya ya kwana biyu yana haɗa wayoyi, sannan aka tara mu. Ya ce daga yau na'ura ce za ta raba. An jera sunayenmu daga na ɗaya zuwa na shida. Kowace Litinin kafin ƙarfe goma, kowa zai faɗi shafi nawa zai iya a wannan satin. Takarda na shigowa na'ura za ta tura wa na ɗaya, har adadinsa ya cika, sannan ta gangara ga na biyu, haka har ƙasa. Abin da ya wuce na shida sai a sayar wa wani ofis a unguwar Plateau. Duk wata uku kuma ta sake jera mu bisa yawan shafin da kowa ya gama. Can yana naɗe wayarsa zai tafi ya ƙara da cewa wanda ya yi wata uku cur ba ko shafi ɗaya, sunansa zai fita da kansa. Babu wanda ya kula da wannan maganar a ranar, har da ni.

Madam ta sa Malam na ɗaya saboda shekarunsa a ofis. Ni aka sa na biyu. Mutumin Maradi ya faɗo na biyar.

Litinin ta farko duk muna tsaye, sakatariya ta tambayi Malam adadinsa. Ya juya goro a baki ya ce, "Goma."

Na ce a raina, goma? Mutumin da na sha ganin ya gama shafi goma kafin shayinsa ya huce? Aka zo kaina. Kowa ya zuba mini ido, domin a tsakaninmu ƙarami ba ya ambata abin da ya fi na babba a gabansa. Na san haka sarai. Amma shekaru ina jiran ranar da ba wanda zai ce mini gama wannan tukuna. Na ce, "Sittin." Ofis ya yi tsit. Malam ya dube ni, ya ɗauki ledarsa ya sauka.

Kai, waɗannan watanni! Aiki ya dinga zubo mini. Salula ta yi ƙara, in duba, shafi tara. Kafin in kai tashar bas ta sake ƙara. Na daina zuwa ofis ran Litinin, ta saƙon waya nake tura adadina, sauran ma suka bi sahu. Malam kaɗai ne ba shi da salula kuma ya ce ba zai riƙe ba, shi da ƙafarsa yake zuwa ya faɗi gomansa. A shagon intanet nake buɗe takarduna in buga, in shiga bas daga Adjamé ina fassara a kan gwiwa, wani ya dogara da kafaɗata, mai tallan magani yana wa'azinsa a kaina. In an tsaya a shingen kan gada ana duba katin shaida, ni lissafin layuka nake. Garba ma, wato turaren garin rogo da ake ce wa attiéké da kifi, a tsaye nake ci. Daga sittin na koma tamanin. Kafin shekara ta zagayo na fitar da matata daga gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, muka koma bene a unguwar 220 Logements. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Wata rana, tun cikin wata ukun farko, a wajen mai garba na kusa da ofis, mutumin Maradi ya tsaya a gefena. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, Yaya nake ce masa. Bai sayi komai ba. Ya ce, "Ƙanena, kana ganin Malam ya kasa ne ya ce goma?"

Na ce, "Oho. Tsufa ne, ko rigimarsa ce."

Ya ce, "Ya rage ne don aikin ya gangaro mana. Tun ranar farko ya gane yadda abar take. Ya sakar mana, kai kuma ka tsaya a tsakiya ka tare. Sati uku kenan ban ga shafi ba."

Nan take kaina ya ɗau zafi. Na ajiye faranti na ce, "Haba Yaya! Ni na ƙera na'urar? Ni na hana ka buɗe baki? Kana rubuta goma sha biyu don kada ka wuce Malam da yawa, sannan ka zo kana neman wanda za ka ɗora wa laifi. Rubuta ɗari mana! Ran da aiki ya iso gare ka ka kwashe duka, ka hau sama. Wa ya ce maka na'ura ta san kunya?" Da ƙarfi na faɗa, har mai garba ya daina yanka albasa. Sauran abokan aikinmu uku suna wurin, wani Bajule, wato ɗan ƙabilar Jula, mai fassarar Larabci da samari biyu haihuwar Abidjan, duk sun ji.

Yaya ya dube ni ya ce, "To. Na gode." Litinin ta gaba kowa ya rubuta babban adadi.

Daga nan Malam ya fara sauka. Jeren farko na zama na ɗaya, ya koma na uku. Satin da jirage suka yi yawa aiki ya kai gare shi, ya ɗauki gomansa, na ƙasa da shi su kwashe arba'in arba'in, sai su tsallake shi a jere na gaba. Bai ƙara ko shafi ɗaya ba. Bai kuma taɓa kirana ya ce ga abin da nake nufi ba. Irin mutanensu ba sa faɗa, yi suke a gabanka su jira ka gane, in ba ka gane ba su bar ka da halinka. Wannan hali yana ba ni haushi har yau. Da ya kama kunnena tun satin farko ya ce rage, da na yi gunaguni na rage. Ko da yake, Allah na gani, ban tabbata ba.

Cikin shekara guda da 'yan watanni ya kai na shida. A daidai lokacin ƙasa ta rikice, jirage suka ragu, aiki ya koma rabi. Abin da ya tsira daga hannun mu na sama ƙarewa yake a hannun na biyar, wato Yaya, shafi biyu, shafi uku.

Sakatariya ce ta tuna mini. Na je karɓar hatimi a kan wata takarda, ta ce a hankali, "Tsohonku fa saura masa sati biyu." Na ce sati biyun me? Ta juyo mini da allon na'ura. A gaban sunan Malam babu komai, sati goma sha ɗaya a jere. Na faɗa ɗakin Madam ko sallama babu. Ta ce ita ma abin yana damunta, amma kamfanin jirage yana ganin jeren daga ofishinsu, in ta taɓa da hannu kwangila ta tashi, kuma injiniyan ya bar ƙasar tun farkon rikici. Na ce to in sunansa ya fita a mayar da shi. Ta ce sai ya zauna jarrabawa a kan kwamfuta, da agogo, kamar sabon shiga. Malam, mai shekara saba'in, wanda da alƙalami yake rubutu sakatariya ta buga masa! Na faɗa wa Madam maganganun da daga baya sai da na koma na ba ta haƙuri.

Litinin da ta biyo baya na tura biyar maimakon tamanin. Na ce shi kenan, aiki zai gangara. Ina! Na biyu ya rubuta saba'in, ya haɗiye duka, ko ɓurɓushi bai kai na uku ba. Ranar na fahimci cewa ni kaɗai ba zan iya ba, dole sai mu biyar duka mun rage a sati ɗaya, kuma sati ɗayan ne kawai ya saura.

Kwana huɗu na yi ina yawo. Bajulen na same shi a masallaci a Treichville bayan la'asar, ya saurare ni ya ce ba komai, Malam ubanmu ne duka. Ɗaya daga cikin samarin ya yarda nan take. Ɗayan kuwa sai da na bi shi har wajen kallon ƙwallo, ya dinga ce mini da Faransanci ai ni na koya musu, yanzu da na ƙoshi zan zo in yi musu wa'azi. Na so in kwaɗa masa mari. Na haɗiye, domin gaskiya ya faɗa, na tsaya ina lallashinsa kamar ina neman auren ƙanwarsa, har ya ce to, sati ɗaya tak.

Yaya na bari a ƙarshe don shi na fi jin nauyi. Na same shi a ɗakinsa a Adjamé, yara sun cika tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ka san in kun rage, wannan ne satin da aiki zai iso gare ni da yawa karon farko tun azumi? Ka zo ka ce shi ma in sake shi ya wuce."

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ya dubi yaran, ya dube ni. Ya ce, "Biyar ka ce?"

Na ce biyar.

Ya ce, "To. Amma da sharaɗi. Kada Malam ya ji. In ya san tausayinsa muka ji, wallahi ba zai taɓa takardar ba. Bari ya ɗauka aiki ne ya yi yawa ya iso gare shi da kansa."

Na yarda da sauri, domin ni ma abin da ke raina kenan. Ta yaya zan tsaya a gaban mutumin da ya koya mini aiki in ce masa mun haɗa kai za mu sakar maka shafi goma? Muka yi alkawari mu biyar, kada a gaya wa Malam, kada a gaya wa Madam, ko sakatariya kada ta ji, don bakinta ba ya riƙe magana. Muka kuma ce kada kowa ya leƙa ofis a satin, kada fuskarmu ta tona mu.

Ran Litinin ƙarfe tara na tura biyar. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya tura. Kafin azahar shafi biyar ɗina sun iso, kafin la'asar na gama su. Sai zama, ni da ba na iya zama. Talata na sauka daga bene na hau ya fi sau goma. Laraba na shiga kasuwar Adjamé ba abin da zan saya, na bi layin 'yan atamfa, na fita ta wajen 'yan goro, masu tura amalanke suna yi mini tsawa in kauce. Sau biyu na kai bakin layin su Malam na juya. Matata ta ce in dai ba zan zauna ba in je in ɗebo mata ruwa, an ɗauke na famfo. Na ɗebo jarka shida, ta ce ya isa, na ƙaro biyu. A raina ina ganin Malam zaune da tabarau a kan hanci, yana jan tsaki a kan Turancin mutanen Dubai, sai in ji sanyi kaɗan.

Juma'a da safe na kasa daurewa, na hau bas. Tun daga matattakala nake jin muryar Madam. Tana ganina ta taso: wane irin wasa ne wannan, mutum biyar kowa biyar biyar, shafi talatin da shida sun tafi Plateau a sati ɗaya! Na ce ba talatin da shida ba, ashirin da shida, ai goma na Malam ne. Ta juya wajen sakatariya. Sakatariya ta ce, "Ai tsohon bai zo ba. Litinin uku kenan bai zo ya faɗi adadinsa ba. In ba a faɗa ba, na'ura tsallakewa take." Ta juyo da allon. Sunaye biyar ne.

Ban san yadda na sauko ba. Na tuna dai ban jira bas ba, na tsallaka gada da ƙafa, rana tana dukana, ina zagin kaina da babbar murya har wani soja ya tambaye ni ko lafiya.

Bayan an sauko daga masallaci na sami Malam a Adjamé, a rumfar wani mai goro, abokinsa. Yana zaune a kan benci yana rubuta wa wani ɗan dako wasiƙa zuwa gida. Na tsuguna na jira har ya gama, ya karanta wa mutumin, ya linke ya ba shi. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Na ɗaya da kansa. Lafiya?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, me ya hana ka zuwa ran Litinin?"

Ya ce, "In je in yi me? Sati goma ina hawa bas ina tsallaka gada in ce goma, yarinyar nan ta rubuta tana sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Na ga ina ba ta wahala, na hutar da ita."

Sai na faɗa masa duka. Yawon da na yi, da alkawarin da muka ɗauka, da abin da na gani a allo da safe. Mai goro ya tashi ya ba mu wuri. Na zaci zai yi shiru irin nasa, ko ya ce haka Allah ya so. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Har da mutumin Maradi?"

Na ce har da shi.

"Nawa ya rubuta?"

"Biyar."

"Nawa suka tafi waje?"

Na ce, "Talatin da shida."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, ko ranar da ya yaga mini takarda. Ya ce, "Shafi talatin da shida suka bi ta gaban mai 'ya'ya bakwai suka wuce, kai ka je har ɗakinsa ka ce ya naɗe hannu? Saboda ni? Wa ya aike ka?" Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. "Ni na ci nawa, shekara talatin ina ci. Tashi ka je wurinsa yanzu. Ran Litinin ka rubuta abin da cikinka zai ɗauka, ka gaya wa sauran su ma. In kana son yi mini wani abu, shi kenan."

Na ce, "Malam, sunanka fa ya fita."

Ya ce, "Na ji. Tashi, akwai mai jira."

Na waiwaya, ashe wata tsohuwa ce tsaye a bayana da ambulan a hannu. Na miƙe na ba ta wuri, ta zauna a bakin bencin, Malam ya mayar da tabarau ya tambaye ta wa za a rubuta wa.